Shuwakar da Na Hana Wuƙa

Banikanni, Parakou
Lahadi, bayan la'asar

Zuwa ga Djibril,

Ya hasken da ya shigo mini rai ba tare da ya ƙwanƙwasa ƙofa ba, ya raɓar safiya a kan ganyen da rana ta gasa, ya ruwan farkon damina wanda ƙasa ke buɗe baki dominsa, ya maƙaryacin da ya fi duk maƙaryatan Parakou da Djougou daɗin murya! Assalamu alaikum. Na yi maka sallama ne saboda Inna ta koya mini ba a shiga wa mutum haka kawai, ko da kuwa faɗa aka zo yi da shi.

Saƙonka ya iso ranar Alhamis. Wata shida cur tun da ka hau taksin Djougou ka tafi taya babanka aikin gonar kaju, wato yazawa, wata shida ina duba waya kamar mai jiran sakamakon jarrabawa, ina kwantar da ita, ina sake ɗagawa ko ta yi motsi ban ji ba. Da na ga sunanka a kanta sai na zauna a bakin rijiya, na ce bari in yi numfashi kafin in buɗe. Na buɗe. Me na gani? "Salut Ramla. Ƙudan zumana sun gudu daga gidan kawu, ko kin gan su?" Shi ke nan. Ba ina kwana, ba ya Inna, ba ya karatu, ba ko kina raye. Ƙudan zuma! Wayyo ni Ramlatou, ashe da a ce da fukafukai aka halicce ni da tuni ka neme ni!

To, na gan su. Amma ka yi haƙuri, ba za ka ji inda suke ba sai ka bi ni layi bayan layi, kamar yadda na bi kwanakin nan ɗaya bayan ɗaya. Kuma ban amsa maka ta waya ba don dalili biyu. Na farko, ka san ni, ko a aji malami ya kira sunana sai muryata ta ɓuya a maƙogwaro, takarda ce kaɗai ba na jin kunyarta. Na biyu, akwai abin da na naɗe maka a cikin ambulan ɗin nan wanda waya ba ta iya ɗauka. Kada ka buɗe ƙullin tukuna. Ka karanta.

Ka tuna ranar? Ni na tuna ta har da ƙanshinta. Farkon daminar bara ce, an tashi daga lise, makarantarmu ta sakandare, an yi yayyafi an ɗauke, ƙasar lambun Baba da ke bayan gidanmu tana tururi. Ka tsaya a gindin mangwaro da rigarka ta makaranta duk ta jiƙe a kafaɗa, ka zaro wani ɗan reshe daga jakarka, naɗe cikin jiƙaƙƙiyar takarda. Sanda ce kawai, ba ganye ba saiwa, tsawon kamu ɗaya, sai jan zare ɗaure a kanta. Ka ce, "Shuwaka ce, daga bayan ɗakin kakata a Djougou na yanko ta. Kowa yana dasa ta don miya, ana aske ta tun ba ta kai ƙugu ba, shi ya sa za ki ga mutum ya tsufa bai taɓa ganin furenta ba. Ki bar wannan ta yi fure, Ramla. Da rani, idan komai ya bushe, ita ce abincin zuma." Sannan ka rage murya, ka ce, "Ke kaɗai na amince wa da ita."

Ke kaɗai! Djibril, ka san abin da kalmomin nan suka yi mini? Duk littattafan soyayyar da nake ɓoyewa a tsakiyar kaye, littafin rubutuna na lissafi, babu wanda na karanta aka faɗa wa wata magana mai nauyin wannan. Su zobe ake ba su, da turare, da furen da zai yi yaushi kafin gari ya waye. Ni kuwa aka ba ni abu mai rai, aka ce in raina. Na kasa ɗaga ido in dube ka, sai takalminka na yi ta kallo, har yau zan iya zana maka inda igiyarsa ta tsinke ka ƙulle. Ka durƙusa ka nuna mini yadda ake soka ta a karkace, ido biyu a cikin ƙasa, sauran a waje. Da ka tafi na kwance jan zaren nan a hankali na sa shi a cikin littafina, ina cewa a raina wannan shi ne alkawarin da bakinka ya ji nauyin faɗa.

Ka san abin da na sha a kan sandar nan? Ba ka sani ba, don ba ka tambaya ba. Na kewaye ta da ƙaya saboda awakin maƙwabta. Da rani ya shigo na riƙa ja mata guga biyu kafin in tafi makaranta, ina isa aji da gefen siket a jiƙe ana yi mini dariya. Amma awaki da rana duk wasa ne, babban yaƙin da Inna aka yi shi. Ranar da ganyen ya yi faɗi ya yi kore shar, ta fito da wuƙa da kwano tana murna, na sha gabanta na buɗe hannuwa kamar kaza a kan 'ya'yanta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ikon Allah! Shuwaka a bayan ɗakina, ni kuma in hau babur ɗin zem in tafi kasuwar Arzèkè neman ganyen miya? Ramlatou, aljanu ne suka ba ki ajiya?" Na ce aikin makaranta ne. Na yi wa uwata ƙarya saboda kai, ni da ban taɓa ba! Tun daga ranar ta sa mata suna Hajiya. In za ta wuce sai ta ce, "A gaida Hajiya, an sha ruwa kuwa? Mu dai yau ma kuɓewa za mu ci." Duk ranar da aka daka sakwara a gidan nan sai an tuna mini cewa ga miyarta can tsaye tana shan iska. Na haɗiye. Na ce mai so ai ba ya ƙorafi.

Ita kuwa Hajiya ta yi ta tashi, ta wuce ƙuguna, ta wuce kafaɗata, ta wuce katanga. Kowane sabon reshe sai in ce ga wata kalma ta Djibril ta tsiro. Da ka tafi Djougou, ita nake gaya wa abin da na kasa rubuta maka. Kar ka yi dariya. Wallahi kar ka yi.

Sai wata biyu da suka wuce na je gidan su Bashira, wadda muke benci ɗaya, in karɓo kaye na. Tana wanki a bayan gida, na tsuguna kusa da ita muna hira, idona ya sauka a kan wani gunduli a gefen magudanar ruwa. Shuwaka ce, an aske ta tas, ba ta kai gwiwa ba. A jikin karanta kuwa, ya kusa nutsewa cikin ɓawo, ya koɗe amma ban kasa gane shi ba, jan zare. Na ji kamar an zuba mini ruwan randa a baya. Na nuna shi da yatsa. Bashira ta dubi zaren, ta dube ni, ta saki rigar da take cuɗawa ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "A'a! Ke ma ya ba ki? Tsaya in faɗa miki, ke kaɗai na amince wa da ita, ko ba haka ya ce ba? Ma chérie, mu biyar ne! Duk gidan da ke kusa da amyarsa ta gidan kawunsa, in dai akwai yarinya 'yar lise a ciki, ya kai mata sanda. Gona ya yi wa ƙudansa a gidajenmu, mu kuma 'yan ban ruwa." Na ce da ita, da wata murya da ban san tawa ba ce, to zaren fa? Ta ce, "Zaren me? Alama ce don kada a dasa ta kai a ƙasa. Duk sandar da ya yanka sai ya ɗaura mata. Tamu dai mun cinye ta da cukun wagashi, kuma wallahi ta yi daɗi."

Alama! Djibril, shekara ɗaya da rabi ina buɗe littafi ina shafa alamar sama da ƙasa! Ina sumbatar abin da ka ɗaura don kada mu yi wauta, ni kuwa a kansa na yi wautar da ta fi ta kowa! Da me zan kwatanta ka? Da hadarin da ya haɗu baƙi ƙirin, kowa ya kwashe shanya, sannan ya watse ba ɗigo ɗaya? Da mangwaron da ya yi ja a waje, a ciki tsutsa ta riga kowa? Da ka zo ka ce mini, Ramla, ina da amya, ina neman masu dasa mini shuwaka, wallahi da na dasa maka goma, da hannuna, ina murna. Me ya kai ka rage murya? Me ya kai ka cewa ke kaɗai? Wa ya tilasta ka? Ka ɗauki kalma mafi tsada a duniya ka raba ta gida biyar kamar ƙosan sadaka!

Ban san yadda na iso gida ba. Na wuce Inna a madafa, na ɗauki wuƙarta, wuƙar nan da na hana ta, na nufi lambu. Na rantse a raina ba zan bar ko ido ɗaya da zai sake tsira ba. Na kama reshen farko na lanƙwaso shi, sai na ga kansa cike da wasu 'yan ƙulle-ƙulle kore, ƙanana kamar kan ashana, ɗari bisa ɗari. Ba ta tashi ɗaukar fure ba sai ranar da na zo kashe ta. Baba Mounkaila, tsohon da ke kula wa Baba da lambu, yana can yana ban ruwan salati, ya ajiye bokitinsa ya ce, "Ɗiyata, ban san wanda ya ɓata miki rai ba, amma na san ba itacen nan ba ne. Shekara talatin ina aikin lambu, sau biyu na ga furen shuwaka. Ki bar tsoho ya ga na uku, in ya zube ni zan wasa miki wuƙar." Na saki reshen. Na zauna a ƙasa na yi kukan da har muryata ta dushe, shi kuma ya ci gaba da ban ruwansa kamar bai ji ba. Allah ya saka masa.

Kuma ta yi furen. Kai, Djibril, ta yi furen! Wannan ne farkon ramuwata, cewa ni na gani kai ba ka gani ba. Kowane reshe ya ɗauki tuli fari mai ɗan ruwan madara, kamar an barbaɗa mata auduga, har ganyen ya ɓuya. Ƙanshi kuwa, wa zai ce daga itace mai ɗaci haka yake fita? Da hantsi yana shiga har ɗakin Inna. Duk unguwa ta bushe, ciyawa ta zama ƙirare, ita kaɗai ke tsaye cikin farin kaya kamar amarya, baƙi na zuwa mata ta sama. Ƙudan zuma tun rana ba ta yi zafi ba, ƙafafunsu ɗauke da gari. Malam-buɗe-littafi fari da mai ruwan goro. Wasu 'yan ƙananan ƙudaje masu sheƙi da ban san sunansu ba. In ka tsaya a gindinta sai ka ji itacen gaba ɗaya yana guna, kamar masu karatu a nesa. Na tuna ka taɓa cewa zuma na mutuwa a ruwa in ba ta sami wurin tsayawa ba, sai na ajiye kasko na zuba tsakuwa na cika shi da ruwa, kullum ina sabuntawa. Ka ga? Ko ina tsine maka ina aiki da maganarka. Baba Mounkaila ya ce kabewarsa da gurjinsa ba su taɓa ɗaukar 'ya'ya kamar bana ba. Inna da kanta ta zo ta tsaya, hannu a ƙugu, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To, Hajiya, ashe kina da abin faɗa."

Yanzu ga amsar tambayarka. Ranar Talata wajen azahar muka ji wata ƙara ta taso daga wajen gidan kawunka, sama ta yi duhu kamar an watsa baƙin gero. Inna ta kwashe yara ta rufe ƙofa. Ni na leƙa ta taga na gan su sun yi ta kewaya shuwakata, sannan suka dunƙule a reshen mangwaron nan, mangwaron da ka tsaya a gindinsa. Akwai wani tsohon tulu da Baba Mounkaila ya saƙale a can sama shekara uku da suka wuce, ya turara shi, ya liƙe bakinsa ya bar 'yar ƙofa, bai taɓa samun baƙo ba. Kafin la'asar sun shige cikinsa kaf. Washegari kawunka ya buɗe amyarka ya tarar ba kowa sai kwarkwasa. Wata shida ba wanda ya zuba toka a ƙafafunta don korar ƙwari, ba wanda ya ajiye musu ruwa, gidaje huɗun da ka dogara da su kuma duk sun yi miya da amanarka. Ina za su je? Sun zo wurin wadda ta riƙe. Ka faɗi ƙarya sau biyar, Allah ya mai da ɗaya gaskiya don ya kunyata ka da ita.

Kada ka fara shirin zuwa da akwati. Na tambayi Baba Mounkaila, ya ce ƙa'idar masu zuma a ko'ina ɗaya ce, in suka tashi da kansu suka shiga tulun wani, na mai tulun ne. Ya ce tulun kuma ya ba ni shi, tunda furena ne ya kira su. Kawunka ma ya zo ya ɗaga kai ya duba, ya ce shi ba ruwansa, ya sha ruwa ya tafi. Saboda haka ƙudan zumanka ba su ɓata ba, Djibril. Sun sake ka ne. Nawa ne yanzu. Idan lokacin ɗiba ya yi, saƙar farko ta Inna ce, ladan miyar da na hana ta. Ta biyu ta Baba Mounkaila. Har Bashira zan kai wa a ɗan kofi, don ta fi ka gaskiya ko da dariya ta haɗa. Kai kuwa ko abin da ya manne a murfi ba za ka lasa ba. Ina so labarin zaƙinta ya iso ka har Djougou a bakin mutane. Ina so duk shayin da za ka sha ka ji shi salam. Ina so duk ƙudan da ya wuce ta kunnenka a gonar kaju ka ji kamar sunana yake kira, ka juya ba kowa!

Amma kash, ga inda alƙalamina yake cin amanata. Na so in rufe takardar nan a nan, in tashi ina mai nasara. Hannuna ya ƙi. Me ya sa har yanzu in zem ya tsaya a ƙofar gida sai zuciyata ta riga ƙafata fita? Me ya sa da furen farko ya buɗe, kafin in tuna ina fushi, na juya in ce Djibril zo ka gani? Na tsane ka kamar yadda harshe ya tsani ɗanyen ganyen nan, ina kuma nemanka kamar yadda ƙudan nan ke neman furensa, duk a itace ɗaya, duk a ƙirji ɗaya. Ya sanyin idona, ya ciwon kaina, wace irin ƙasa ce ka dasa kanka a cikinta da na kasa tumɓuke ka?

To, buɗe ƙullin yanzu. Ganye biyar ne, su kaɗai na taɓa tsinka daga jikinta tun da na dasa ta, ɗaya don kowane gida. Ka san shuwaka sai an murje ta an wanke, an sake wankewa, kafin ta shiga tukunya. Waɗannan ba a wanke su ba, kuma kada ka wanke. Baba Mounkaila ya ce furen zai kai mako uku kafin ya zube. In akwai wani abu na gaskiya a cikin abin da ka faɗa mini a gindin mangwaro, ko da ƙwaya ɗaya ce, ka shigo mota ka zo kafin nan. Ka zo da rana tsaka, ta ƙofar gida, ka durƙusa ka gaida Inna, ka gaya mata da bakinka wanda ya hana ta miya shekara ɗaya da rabi, don in wanke ƙaryar da na yi mata. Sannan ka zo lambu, a gaban Baba Mounkaila, ka tauna ganyen nan biyar ɗaya bayan ɗaya ka haɗiye. In sun bushe a hanya, akwai ɗanye a nan. Ba zan ce komai ba, ka san ba na iyawa. Zan tsaya ne kawai in kalli fuskarka, wannan karon ba takalminka ba. Ƙudan dai ba za su koma ba ko ka tauna itacen duka. Amma wataƙila in matsa maka ka tsaya kusa da ni ka ji ƙanshin.

In kuwa furen ƙarshe ya faɗi ban gan ka ba, baƙina sun riga sun ƙoshi, ba wanda zan zalunta. Da hannuna zan miƙa wa Inna wuƙar. Za a daka sakwara, za a yi miyar da aka daɗe ana jira, zan ci har in side kwano. Rassan kuma zan yanka su kamu-kamu in bi gidajen Banikanni ina rabawa, tsofaffi da matan aure da duk mai ɗan fili a bayan ɗaki, in gaya wa kowa gaskiya, cewa don zumata nake so, kuma ba shi kaɗai na ba ba.

Har zuwa ranar, ina nan inda ka bar ni. Ban saurari kowa ba, ban karɓi ko gaisuwar wani da murmushi ba, kuma Allah ya sani ko bayan miyar ban san yadda zan koya wa zuciyata wani suna ba. Jan zarenka yana cikin littafina, a shafin da yake tun farko. Na ɗauko shi sau uku in sa maka a ambulan ɗin nan, sau uku ina mayarwa.

Yau da safe na ga fure kaɗan a ƙasa, Djibril. Sun fara zuba.

Wadda ta riƙe amanarka ita kaɗai cikin biyar,
kuma take riƙe da ita har yanzu,

Ramlatou